Filin Likitan Dabbobi: Allurar da Ke Sa Saniya Neman Sa

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru a teburina wannan watan, kusan rabinsu kan magana ɗaya suke, wato allurar haihuwa ta shanu. Da alama labarinta ya bazu a kara, daga Wudil har Maigatari, har ta kai wasu na sayenta kamar yadda ake sayen maganin tsutsar ciki. Na zaɓi guda shida. Kamar kullum na sakaya sunaye, na kuma datse wasu wasiƙun, don akwai wanda gaisuwarsa kaɗai ta cinye shafi guda.

Daga wani dattijo makiyayi a Ladduga, ƙasar Kaciya. Ɗansa ne ya rubuta masa.

*Allah ya taimaki Likita. Ina da shanu bakwai da suka daɗe ba su nemi sa ba, wasu sun shekara da haihuwa. A watan Maris wani mai magani a kasuwa ya ba ni 'yar kwalba, ya ce in yi wa kowace mil 2 a cinya, cikin kwana uku za su nema. Na yi. Biyu suka nema, uku ko gezau, biyu kuwa suka zubar da ciki, ashe suna da shi ban sani ba. Maganin ne jabu, ko hannuna ne?*

Baffa, Allah ya mayar da alheri. Maganin ba jabu ba ne. Da jabu ne, da yanzu maruƙanka biyu suna nan kwance cikin iyayensu. Aikinsa ya yi, sai dai wanda ya sayar maka bai gaya maka mene ne aikin ba, wataƙila shi ma bai sani ba.

Bari in ɗauko maganar daga tushe, domin sauran amsoshin yau duk a kanta suka dogara. Saniya mai lafiya wadda ba ta da ciki tana zagayowa neman sa duk bayan kwana 21, wata 18, wata har 24. A cikinta akwai gidan ƙwai biyu, dama da hagu, kowanne bai wuce girman dabino ba. Idan ƙwai ya nuna ya fita, sai wata 'yar tsoka mai ruwan ɗorawa ta tsiro a gurbin da ya bari. A makaranta kofus lutiyum muke ce mata. Ni dai a ruga 'yar ɗorawa nake kiranta, kuma ana gane ni. Ita ke fitar da wani homon, wato sinadarin da ke kai saƙo a cikin jiki, mai suna furojestaron, wanda ke ce wa jikin saniya a natsu, kada a nemi sa, ƙila akwai baƙo a hanya. In ciki ya shiga, sai ta zauna tana riƙe da shi. In bai shiga ba, wajen kwana na 16 ko 17 mahaifa da kanta za ta saki wani homon, furostagilandin, ya narkar da ita, sabon ƙwai ya taso, saniya ta sake nema.

To abin da ke cikin kwalbarka, tunda mil 2 aka ce maka, kusan tabbas kwaikwayon wannan furostagilandin ɗin ne, irin wanda ake sayarwa da sunan Estrumate da makamantansa. Yana da ɗan'uwa, Lutalyse, shi mil 5 ake yi. Aiki ɗaya suka sani a duniya: narkar da 'yar ɗorawa. Ba sa tambayar ko me take riƙe da shi.

Yanzu dubi shanunka. Biyun da suka nema, suna zagayensu lafiya lau, kai ne ba ka gani. Irin namu masu tozo, Bunaji da Rahaji da Bokolo, nemansu gajere ne, wani lokaci bai kai awa 10 ba, kuma sau da yawa da dare ake yi a gama, makiyayi yana barci. Allura ta same su da 'yar ɗorawa, ta narkar, suka nema cikin kwana 2 zuwa 5. Biyun da suka yi ɓari, su ma 'yar ɗorawa ta samu, sai dai ita ce ke tallafe da cikin. Daga farkon ciki har wajen wata biyar, wannan allura tana zubar da shi kusan ba kuskure. Garin neman ƙiba ke nan aka samo rama.

Ukun da ba su motsa ba su ne suka fi damuna, don irinsu ne suka fi yawa a garkunanmu. A watan Maris, ciyawa ta zama kara, an sha tafiya neman ruwa, maraƙi yana tsotso, haƙarƙari a waje ana iya ƙirga shi daga nesa. In na sa hannu ta dubura na laluba gidan ƙwan irin wannan saniya, sai in ji shi ƙarami, sumul, kamar ƙwayar gujiya. Barci yake. Babu 'yar ɗorawa, babu abin narkarwa. Ka yi mata kwalba goma, ruwa ka zuba a kwando. Jikinta ne ya yi lissafi ya ga abincin da ke shigowa bai isa ta da maraƙin da ke ƙasa ba, balle na uku. Shi ya sa a ruga saniya takan yi kusan shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa, karsana kuma sai ta kai shekara 4 ko 5 kafin haihuwar fari, alhali irin wannan jinin, in ya samu ci, ya kan yi abin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da zan ce ka yi wa waɗannan ukun ba ya cikin kwalba. Ka ware su da yamma ka ba su dusa da angurya ko tunkuza, da harawa in akwai. Ka yi musu maganin hanta da na tsutsa, a duba su ko akwai sammore, tunda yankinku bai rabu da ƙudan tsando ba. Ka samo musu dutsen lasa mai fosfaras, domin kanwa da gishiri ba sa toshe wannan gurbin. In ka ga saniya na taunar tsohon ƙashi a daji, wannan take nema. Maraƙin da ya kai yaye a yaye shi. Sau da yawa bayan wata ɗaya ko biyu da kansu za su nema, kuɗin allura ya zauna a aljihunka.

Kafin kowace allura irin wannan kuma, a duba ciki. Mai hannu ya kan gane shi daga kwana 40 zuwa 45, na'urar hoto daga wajen kwana 28 zuwa 30. Kada a dogara da "ai ba ta da komai". Ni ma ta taɓa ci na. Ina sabon likita, wani mai gona ya rantse min cewa saniyarsa ba ta haɗu da sa ba tun da ta haihu, ni kuma rana ta yi, ga safar hannu ta ƙare, na yarda na yi allura. Kwana huɗu aka kira ni in zo in ga ɗan tayi na wata uku. Bijimin maƙwabci ne ya tsallako shinge wani dare. Tun daga ranar, ko ubana ne mai saniyar sai na sa hannu.

Magana ta ƙarshe, kuma ɗanka da ke karanta maka ya maimaita ta sau biyu: wannan magani yana ratsa fatar mutum. Mace mai ciki kada ta taɓa kwalbar ko sirinjin, yana iya yi mata abin da ya yi wa shanunka. Mai ciwon asma ma ya nisance shi, yana shaƙe numfashi. In ya zuba a hannu a wanke da sabulu nan take. Kada a ajiye ragowarsa a ɗakin da ake ajiye ƙoren nono.

Daga wata Hajiya mai kiwon madara a bayan Kano

*Likita, ina da shanu goma, Bunaji shida da 'yan haɗi huɗu. Na biya aka zo aka sa musu wata roba a gaba, bayan mako aka cire, aka yi allurai, aka yi musu baye na zamani duk rana ɗaya. Da aka zo dubawa huɗu kaɗai suka ɗauka. An cuce ni ne? Kuma me robar nan take yi? Madarar da muka tatsa a kwanakin, yara sun sha.*

Hajiya, a kwantar da hankali kan yara tukuna. Magungunan da aka saba amfani da su a wannan tsari, robar da furostagilandin da wanda ake kira GnRH, mai sa ƙwai ya fita, yawancinsu takardar da ke cikin kwalinsu ba ta hana shan madarar ba, domin kwaikwayon abin da jikin saniya ke yi ne da kansa kuma ba sa daɗewa a jini. Duk da haka ki riƙa cewa a nuna miki takardar, kwanakin jira na madara da na nama a rubuce suke. Wanda mutane ke jin labarinsa suna tsorata, homon ɗin ƙiba ne da ake dasa wa shanun yanka a kunne a Amurka, wanda Tarayyar Turai ta hana shigo da namansa tun 1989. Wancan daban, wannan daban.

Robar kuwa, in mai kama da harafin T ce, da ɗan igiya a waje, ita ce CIDR, ƙirƙirar mutanen New Zealand. In mai kusurwa uku ce, PRID Delta. Dukkansu furojestaron ne aka shafe su da shi, yana tsatsafowa a hankali. Kin ga ke nan 'yar ɗorawa ce ta aro. Muddin tana ciki, jikin saniya yana jin an ce a natsu. Ranar da aka zare ta, aka kuma yi furostagilandin don narkar da ta ainihi in akwai, sai duk shanun su ji an buɗe ƙofa lokaci guda, ƙwai ya taso musu kusan tare. Daga nan a yi baye bayan kwana biyu zuwa biyu da rabi, gwargwadon tsarin da aka bi, ba tare da jiran ganin alama ba. Ga masu shayarwa da waɗanda jikinsu bai cika ba, akan ƙara wata allura ranar cirewa, eCG, wadda ake tacewa daga jinin goɗiya mai ciki, don ta ɗan ingiza ƙwan. Wasu kuma sukan raba saniya da maraƙinta na kwana biyu, shi ma yana taimakawa.

Akwai wani tsarin da ba roba, Ovsynch, wanda Pursley da Wiltbank na Jami'ar Wisconsin a Amurka suka fito da shi a 1995: GnRH yau, furostagilandin ranar bakwai, GnRH kuma ranar tara, baye bayan kamar awa 16. Don manyan shanun madara na Turawa aka tsara shi, masu ci su ƙoshi suna zagayensu. A kan Bunaji mai shayarwa ni na fi yarda da mai roba. In ana neman inda za mu koya, to Burazil ce, domin su ma masu tozo suke kiwo, irin Nelore da asalinsu Indiya, kuma suna yi wa miliyoyin shanu irin wannan baye a kowace shekara. To ko a can, da makiyaya mai kyau da ƙwararrun ma'aikata, abin da ake sa rai a baye ɗaya wajen rabi ne. Huɗu cikin goma a bayan Kano, a karon farko, ba cuta ba ce. Wanda ya ce miki goma cikin goma kafin ya karɓi kuɗi, shi ne ya yi ba daidai ba, in an yi hakan.

Amma ina da tambayoyin da zan so ki yi wa kanki, don karo na biyu ya fi. A wane wata aka yi? In a Afrilu ne, lokacin da zafi ke haura digiri 40, 'yan haɗinki masu jinin Firiziyan, shanun madarar Turawa, suna haki a inuwa, ƙwai yakan haɗu da maniyyi amma ɗan tayin ya mutu tun yana 'yan kwanaki. Ni na fi son a yi a Agusta ko Satumba, shanu sun murmure, iska ta yi sanyi. Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki, namu masu tozo sukan ɗan haura kwana 285, kin ga wadda ta ɗauka tsakiyar Agusta za ta haihu ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, ga ɗanyar ciyawa tana tsirowa. Kwana nawa da haihuwarsu aka sa robar? Ƙasa da 45 zuwa 60 mahaifa ba ta gama komawa ba. An kiyaye awannin? Wannan tsari agogo ne, in aka ce ƙarfe takwas na safe, mai baye ya iso la'asar saboda babur ya lalace, an yi asarar wasu.

Sai maniyyin kansa. Cikin 'yan tsinkaye na roba yake zuwa, a nutse cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. In ruwan tulun ya ƙafe ko na yini ɗaya ne, abin da ke ciki ya mutu, kuma ido ba ya ganewa, ko an sake cika tulun. Ki tsaya ki ga hayaƙin sanyi na tashi in an buɗe. Ki ga an narkar da tsinken a ruwan ɗumi, digiri 35 zuwa 37, na kamar rabin minti, an goge shi, an sa nan da nan. Na ga mai narkarwa a aljihun riga, na ga mai ɗauko biyar lokaci guda ya jera a rana yana hira. Ki tambayi daga ina maniyyin ya fito kuma wane jini ne. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aikin haɗa Firiziyan da Bunaji, ana iya neman shawararsu. Ra'ayina dai, rabin jini ya ishe mu. In aka haura kashi uku cikin huɗu, sai ki koma kina kiwon majinyata.

Shidan da ba su ɗauka ba kuwa kuɗinki bai tafi duka ba. Robar takan tayar da gidan ƙwan da ke barci, saboda haka ki sa yaranki su zuba musu ido daga kwana 18 zuwa 24 bayan kowane nema, da asuba da kuma bayan magariba, minti ashirin ashirin, ba suna latsa waya ba. Alamar da ba ta ƙarya ita ce saniya ta tsaya cak wata ta hau ta. Sauran su ne yauƙi fari tas kamar na kuɓewa yana zuba, gaba ya ɗan kumbura, yawan kuka, raguwar madara, gashin gindin wutsiya ya barbaje. Wadda aka gani da safe a yi mata baye da yamma, ta yamma kuma washegari da safe. In kuka ga ɗan jini a wutsiya, an riga an wuce da kwana biyu, sai a rubuta ranar a jira zagaye na gaba. Ki sayi littafin ƙwaya arba'in don wannan kawai.

Daga wani matashi a Funtuwa

*Yallaɓai, an ce akwai allurar da in aka yi wa saniya mace za ta haifa. Nawa ce?*

Ɗana, babu ita, ko nawa ka riƙe. Namiji ko mace daga ƙwayar maniyyin bijimi ake samu, lokacin da ta haɗu da ƙwai an gama magana, ba abin da za a tsira wa uwa ya sauya shi. Abin da ke akwai shi ne maniyyin da aka tace da na'ura aka ware ƙwayoyin mata, yana ba da mace wajen tara cikin goma. Ya fi tsada, kuma bai kai na yau da kullum saurin kamawa ba, shi ya sa aka fi yi wa karsana mai ƙoshin lafiya da shi. Wanda ya ce maka allura ce, ka tambaye shi ko zai mayar da kuɗi in aka haifi namiji.

Daga wani malamin makaranta mai ɗan kiwo a Mubi

*Likita, ina da karsana Gudali, shekararta huɗu, ƙatuwa, sumul, ba ta taɓa neman sa ba. An yi mata allura sau uku a banza. Ina ƙaunarta domin tagwaye aka haife su, ɗan'uwanta na sayar da shi da Sallah.*

Malam, amsar tana cikin jimlarka ta ƙarshe, kuma ba mai daɗi ba ce. In saniya ta ɗauki tagwaye mace da namiji, jijiyoyin jinin mabiyiyarsu sukan haɗe tun cikin yana ƙarami, jinin namijin da homon ɗinsa su shiga jikin macen kafin kayan haihuwarta su gama ginuwa. Fiye da tara cikin goma na irin waɗannan mata juya ake haifarsu. Gidan ƙwai ɗan mitsitsi ko babu, mahaifa ba ta cika ba, gaban gajere, wani lokaci da dogon gashi a ƙasansa, jiki kuma ya ɗauko ƙirar namiji, wanda shi ne girman da ke burge ka. Tsofaffin makiyaya sun san wannan tun kafin mu je makaranta. Ba homon ɗin da zai gina abin da ba a halitta ba. In tagwayen duk mata ne babu wannan matsala.

Ka kai ta likita ya sa hannu, minti biyu ya isa ya gaya maka, ko tana cikin 'yan kaɗan ɗin da ke tsira. In ba ta cikinsu, ka turke ta wata uku ka sayar, ka sayi karsana biyu da kuɗin. Wanda ya yi mata allura har sau uku bai tambayi yadda aka haife ta ba, ban san me zan ce masa ba.

Daga wata baiwar Allah mai sayar da kindirmo a Gusau

*Likita, saniyata maraƙinta ya mutu, ta riƙe nono. Aka ba ni wata allura, da an yi sai nono ya zubo. Yau wata guda kullum sai na yi mata safe da yamma, in ban yi ba ko ɗigo. Kuma an ce ita ce maganin naƙuda mai tsawo da mabiyiya in ta ƙi fita.*

'Yar'uwa, oksitosin ke nan. Jikin saniya na sakin nasa in maraƙi ya tunkuyi hantsa, ya matse 'yan jakunkunan nono su sako, kuma cikin mintuna kaɗan ya wuce. Shanunmu masu tozo sun fi na Turawa taurin kai a nan, sai sun ga ɗansu ko sun ji ƙamshinsa. Allurar ba ta ƙara ko cokali a kan abin da ke hantsa, sakin wanda ke nan kawai take sawa. Amfaninta na kwana biyu ne ko uku. Ke kin mayar da ita abinci, saniyar ta saba, nata ya daina isarta. Ga huda sau sittin a wata, ƙurji na nan tafe.

Ki janye a hankali. Ki riƙa tatsa a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, mutum ɗaya, da dusa a gabanta. Ki wanke hantsa da ruwan ɗumi ki murza na minti guda kafin ki fara. In akwai wani maraƙin a gidan a gwada sabar mata da shi. Dabarar iyayenmu ta ajiye fatar maraƙin da ya mutu a kawo mata ta sansana, ba camfi ba ne, tana aiki a kan wasu. Madara za ta ragu na 'yan kwanaki, ki daure.

Batun naƙuda kuwa, nan ne nake roƙonki. In maraƙi ya zo a karkace, ko ƙafa ta naɗe, ko bakin mahaifa bai buɗe ba, aka yi oksitosin, mahaifa za ta yi ta matsawa a kan abin da ba shi da hanya har ta yage, a rasa uwa da ɗa. Sai an sa hannu an tabbatar hanya a buɗe take. Mabiyiya kuma, in ta wuce awa 12 zuwa yini guda ba ta faɗo ba ta maƙale, kuma a lokacin oksitosin ya kusa daina tasiri a kan mahaifa. Kada a ja ta da ƙarfi, kada a ɗaura mata dutse ko takalmi. A yanke abin da ke reto a waje, a riƙa duba saniyar. In tana ci tana tuƙa, yawanci cikin mako za ta faɗo, da wari dai. In ta daina ci ko jiki ya yi zafi, a kira likita ranar. Sannan oksitosin da eCG da wasu nau'in GnRH firji suke so, digiri 2 zuwa 8. Wanda ya wuni a tire cikin rana a kasuwa, Allah kaɗai ya san abin da ya rage a ciki.

Daga wani Alhaji a Birnin Ƙonni, Jamhuriyar Nijar

*Likita, muna karanta ku a nan. Shanuna Azawak ne. Bana uku sun zubar da ciki yana wata bakwai, biyu mabiyiya ta maƙale musu. Wace allurar riƙe ciki zan saya wa sauran?*

Alhaji, mun gode, a gaida mutanen Ƙonni. Kada ka sayi ko ɗaya. Ɓari a wata na shida zuwa takwas, shanu da yawa a garke ɗaya, ga mabiyiya na maƙalewa, abin da ya fara zuwa raina bakkale ne, wanda muke kira burusela. Ƙwayar cuta ce ke cin mabiyiya, ba ƙarancin homon ba, don haka furojestaron ba zai hana ba. Ka duba ko akwai masu kumburin gwiwa mai ruwa a garken, ka duba 'ya'yan marainan bijiminka ko ɗaya ya kumbura. Ka tuna kuma ko ka sayo wata saniya ko ka ari sa a shekarar da ta wuce, ta nan ta fi shigowa.

Kafin mu ɗora wa bakkale, tambaya ɗaya: an yi musu dekisametazon? Masu magani suna son haɗa shi da kowace allura saboda yana sa dabba ta warware ta kama ci, masu turke ma suna yi. Shi ma dangin homon ne, kuma a watannin ƙarshe na ciki yana tayar da naƙuda, maraƙi ya fito bai isa ba, mabiyiya ta maƙale. In an yi musu shi 'yan kwanaki kafin ɓarin, to ga mai laifi nan.

In ba a yi ba, ka je ofishin kula da dabbobi na yankinku a ɗebi jinin waɗanda suka yi ɓarin da na bijimin. Akwai gwaji mai sauƙi, Rose Bengal, ɗigon ruwan jini ake haɗawa da magani a kan faranti, cikin minti huɗu a ga alama, sannan a tabbatar a babban ɗakin gwaji. Mu a nan cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos muke aikawa, ko asibitin koyarwa na dabbobi a Zariya ko Sakkwato, kuma Sakkwato ba ta yi muku nisa ba. Kafin sakamako ya fito, ka ware waɗanda suka yi ɓarin daga masu ciki. Ɗan tayi da mabiyiya a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a bar wa karnuka, kada kuma yaro ya ɗauka da hannu tsirara, ko leda ce a sa. Cutar tana kama mutum, ta zo da zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin cizon sauro ba sauƙi. In akwai mai irin wannan a gidanka ko cikin masu yi maka kiwo, ya gaya wa likitan mutane cewa shanu sun yi ɓari. Madara kuwa daga yau a tafasa ta kafin a sha ko a kwantar da nono ko a yi cuku.

In sakamakon ya fito ka rubuto min, ka haɗa da yawan shanun da shekarun 'yan maruƙa matan da ke garken, domin maganar rigakafin bakkale a kansu za ta faɗa.